Gayyar Bunsuru a Shagon Baba Gem

Bari in fara da wautata, don idan ban faɗa da bakina ba akwai masu faɗa, su kuwa ba za su rage komai ba. Ni Sale, wanda rabin Kafanchan ta sani da Baba Gem, na yi shekaru ina cin abinci da wasan da ban taɓa tsallake ramin farko a cikinsa ba. Wannan kaɗai ba abin kunya ba ne. Abin kunyar shi ne na buɗe bakin nan nawa na gaya wa yara cewa na gama wasan tun daga farko har ƙarshe, da hannu ɗaya ma, ɗaya hannun ina shan rake.

Ku yaran yanzu da kuke danna waya kuna wucewa ta gabana, na san abin da kuke cewa. Wai sana'ar Baba zama ce kawai, ka kunna talabijin ka miƙe ƙafa. To ku matso, ku ji yadda zaman yake.

Ni da farko dako nake yi a tashar jirgin ƙasa. Da jirgi ya fara yi mana zuwan ganin dama, sai na koma gyaran rediyo, alhali makarantar da na yi ba ta wuce in rubuta sunana a karkace ba. Rediyon da ya zo yana tari nakan mayar da shi bebe. Wani direba ne ya ji tausayin mutanen gari ya kai ni Jos wurin wani Oga Chidi mai shagon gem, wato wasan talabijin, ya ce in koyi abin da ba zai cuci kowa ba.

Aikin farko da Oga Chidi ya ba ni shi ne hura kaset. A lokacin wasa a cikin kaset yake, wani ɗan akwatin roba mai haƙoran ƙarfe a ƙasa, ka cusa shi a bakin na'ura. Idan hoto ya fito a yayyage, sai ka zare ka hura. Na karɓa na hura da duk ƙarfina, irin hurin wutar murhu da ɗanyen itace. Oga Chidi ya karɓa, ya duba, ya goge a wandonsa, ya ce da Hausarsa ta kasuwa: "Sale, na ce ka hura, ban ce ka yi masa wanka ba." Ashe akwai hurin da ba yawu a cikinsa. Ka tattara leɓe, ka ja baya kaɗan, iska ta fita a bushe. Idan ya ƙi, sai auduga da ɗan sipirit, ka bi haƙoran nan ɗaya bayan ɗaya. Na daɗe kafin ya yarda in taɓa kaset ba ya tsaye a kaina.

Sai pad, wato abin riƙewan nan mai maɓallai. Pad shi ne rabin sana'ar. Yaro zai zo da manja a hannu, ko garin ƙuli-ƙuli, ko ruwan rake, ya danna da ƙarfin da zai iya kashe kunama. Washegari ka buɗe ka tarar kiyashi sun yi gari a ciki. Akwai wata 'yar roba a ƙarƙashin kowane maɓalli mai baƙin ɗigo a tsakiya. Idan ɗigon ya goge, maɓalli ya mutu. Maganinsa fensir. Ka goga bakin fensir a kan ɗigon har ya yi sheƙi, ka mayar, ka ɗaure. Ni da fensir bai yi mini rana a aji ba, sai ga shi yana ciyar da ni. Wayar pad kuma kullum a wuya take karyewa, don yaro idan yana so abin cikin talabijin ya yi tsalle, shi ma sai ya yi tsallen da waya da komai. Ka yanke, ka fere, ka haɗa da dalma, ka naɗe da robar tayar keke.

Duk wannan na koya. Abin da ban koya ba shi ne wasan kansa. Oga Chidi ya gwada ni sau ɗaya, ya ga abin da na yi, ya karɓe pad ɗinsa a hankali kamar mai karɓe wuƙa daga hannun jariri.

Na dawo gida da na'ura ɗaya, da tsohuwar talabijin wadda sai an mare ta a gefe take kawo launi, da 'yan kaset. Na kama shago a bayan kasuwa, na sa benci biyu da buta a bakin ƙofa don wankin hannu. A cikin kaset ɗin akwai na mota, akwai na faɗa, amma ɗaya ne ya riƙe ni, ya riƙe iyalina. Rubutun jikinsa na Sin ne, har yau ban san sunansa na gaskiya ba. Wani ɗan bunsuru ne na katun, da gajeren wando shuɗi da ɗan gemu, yana gudu yana tsalle daga dakali zuwa dakali, yana tsintar masara a sama. Ƙasa ramuka, sama jemagu. Akwai dajinsa, akwai wurin ruwa, akwai wurin ƙanƙara mai santsi, kowane wuri kuma da ƙaton dodonsa a ƙarshe, wanda yara suke kira Oga. Su suka raɗa wa wasan suna Bunsuru.

Wata rana wani ɗan ƙaramin yaro, Bulus, ya tambaye ni: "Baba, me ya sa bunsurun yana gudu haka?"

Na ce, "Kirsimeti ya kusa."

Da Auwalu ɗan mai nama ya yi mini tambayar, na ce masa Babbar Sallah ce ta matso. Duk suka gamsu, don kowa ya san abin da ke samun bunsuru a gidansu.

Daga nan fa bakina ya ja ni. Suka ce to ina za shi? Na gyara zama. Na ce a can ƙarshe, bayan Oga na ƙarshe, akwai wata ƙofa mai haske. Idan ka shiga, sai ga wani gari wanda ba a cin nama. Masara har sama, ba mai kora. Uwar bunsurun tana tsaye a bakin hanya da tulun kunu, ta daɗe tana jiransa. Sai a fito da ganguna, a ɗora shi a kan sabon mashin, a zaga gari da shi, a naɗa shi mai unguwa. Kowane mako ina ƙara wani abu. Har amarya na yi masa, wata farar akuya mai jan baki.

Ban ji tsoron a kama ni ba, saboda dokar shagona. Dokar ita ce: wanda ya mutu ya tashi. Bunsurunka ya faɗa rami, ka miƙa pad, ni kuma in sa yatsa in danna maɓallin da ke mayar da wasa farko. Na'urar ba ta ajiye inda aka tsaya. Komai gwanintar yaro, kafin ya kai wurin ƙanƙara hannunsa ya yi gumi, na bayansa suna zunguri, sai ya faɗi. Ƙofata mai haske tana can nesa, lafiya lau. Idan suka ce in gwada musu yadda ake yi, sai in ce ni na wuce nan, likita ma ya hana ni saboda hawan jini.

Sai shekarar wahala ta zo. Citta ta faɗi a kasuwa, iyaye suka riƙe aljihu. Wani yaro ya buɗe shago a bakin titi da sabuwar na'ura mai faifai, ta wasan ƙwallo, manyan yarana duk suka kwashe suka koma can. Kamar wannan bai isa ba, ranar Juma'a liman ya yi huɗuba a kan yaran da ke guje wa Islamiyya suna zuwa kallon akuya, ranar Lahadi kuma fasto ya ɗora daga inda liman ya tsaya. Tun da nake a garin nan ban taɓa ganin bakinsu ya zo ɗaya da sauri haka ba, sai a kaina. Har na so in je in karɓi tukuici. Iyaye mata suka fara zuwa da tsintsiya suna fitar da 'ya'yansu ta kunne, wata ma ta haɗa da ni. Na rage buɗewa sai ranar Asabar da lokacin hutu. Matata ta ce ko in koma kashe rediyon mutane.

A wannan hutun ne Rifkatu ta zo. Yarinya ce daga wajen Nok, 'yar manoman citta, an kawo ta wurin innarta mai suyar ƙosai a gefen shagona. Ba ta da yawan magana. Takan tsaya a bakin taga da tiren ƙosai a ka, tana kallon yadda maza ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta ji labarin garin da ba a cin nama har sau nawa, kuma na lura duk lokacin da na zo wurin uwar bunsuru da tulun kunu, sai ta sauke tire ta saurara.

Ran nan ta shigo ta ce, "Baba, wannan aiki da kuna yi, ba zai ƙare ba."

Na ce, "Wane aiki, 'yata?"

"Kowa yana noma kunya ɗaya, kai kana rushewa. A ƙauye namu, in gona ya fi ƙarfin mutum, gayya ake kira. Ka daina danna wancan abin. Kowa ya yi wurin da ya iya, ya ba na gaba."

Na ce doka doka ce. Ta ce to shi ke nan, dama yara sun ce ranar Asabar za su je kallon ƙwallo a bakin titi. Na dubi bencina biyu da babu kowa a kai sai ƙuda. Na ce ai doka ma mutum ne ya yi ta.

Ranar Asabar shagona ya cika har waje, rabon da in ga haka tun kafin huɗuba. Yarinyar nan ta raba aiki kamar tsohuwar uwar gayya. Bulus, da yake shi mai haƙuri ne kamar kaza a kan ƙwai, shi aka ba daji, ya bi ya tsince kowace masara, don masara idan ta taru tana ƙara wa bunsuru rai. Wurin ruwa na Auwalu ne. Ƙanƙara aka ba wata 'yar siririya mai sanyin hannu. Oga kuwa duk inda ya fito, Rifkatu ce ke goge hannu a zani ta karɓa. Ashe duk tsayuwar nan a taga karatu take yi. Wanda ba ya riƙe da pad yana waƙa yana tafi, irin waƙar da suke yi a gona. A ranar suka wuce ƙanƙara, suka shiga wani wuri mai wuta wanda ni mai shagon ban taɓa sanin yana cikin kaset ɗina ba.

"Baba, nan ta ina ake bi?" in ji Auwalu.

Na ce, "In na gaya muku, ina daɗin?"

Daga nan na shiga neman hanyar tsira. Asabar ta gaba aka ɗauke wuta suna tsakiyar wurin ruwa, na yi hamdala a zuci, na ce kash, ga shi janareto ba mai. Kafin in rufe baki yara sun watse, sai ga su da fetur a kwalaben lemo. Wanda ubansa ke acaba, wanda ubansa ke da injin ban ruwa, ban tambaya ba, ba su faɗa ba. Na ce adafta, wadda ke kai wa na'ura wuta, ta yi zafi, za ta ƙone, dole a kashe a huta. Rifkatu ta aika aka ɗauko maficin da innarta ke hura wutar ƙosai, aka sa ƙanana a layi suna yi wa adafta fifita kamar sarauniya. Na ce talabijin ta gaji. Bulus ya tashi ya mare ta a daidai inda nake marinta. Yaran nan sun koye sana'ata kaf ina zaune.

Kowace Asabar sai sun ƙara gaba. Ciniki ya dawo, matata ta daina zancen rediyo, ni kuwa ina ramewa.

Ranar da abin ya faru, hadari ya haɗu tun hantsi amma ruwa bai sauko ba. Janareto na ta ƙara a bayan shago. Suka wuce wuta, suka hau wani dogon bene, sai ga Oga na ƙarshe: wata ƙatuwar kura da tukunya a ka, tana jifa da wuƙaƙe. Ta cinye rayukan da Bulus ya tara ɗaya bayan ɗaya. Shago ya yi tsit, har masu fifita sun manta da aikinsu sai da aka zungure su. Saura rai ɗaya tak, Rifkatu ta yi wani tsalle ta sauka a kan tukunyar. Kura ta yi wani juyi ta fashe ta zama hayaƙi.

Ihun da aka yi, innarta ta shigo da gudu da matsamin ƙosai a hannu, ta ɗauka gobara ce.

Da hayaƙi ya washe, sai ga wata 'yar gada. A tsakiyarta ɗan rami, wanda bai kai ramin farko na daji faɗi ba. A can gaba kuma, wallahi, ƙofa mai haske. Ni kaina na razana. Na ce a raina, Sale, ko dai kai waliyyi ne ba ka sani ba? Amma na san ƙofa ce kawai ta yi daidai. Abin da ke bayanta ba zai zama mashin da amarya ba.

Rifkatu ta danna maɓallin tsayarwa. Ta tashi, ta riƙe pad da hannu biyu, ta ɗan rusuna a gabana.

"Baba, a wurinmu, in an yi gayya, 'yan gayya ba su rufe kunya na ƙarshe. Mai gona ne yana rufewa. Gona naka ne."

Na ce, "A'a, 'yata, ku da kuka sha wahala."

"Haka ake yi, Baba. In ba haka ba, an raina mai gona."

Na kawo zancen hawan jini. Auwalu ya ce, "Haba Baba, tsalle ɗaya ne fa. Kai da ka yi da hannu ɗaya." Wani mara kunya a baya ya ce ko a sayo mini rake.

Suka buɗe mini wuri a tsakiyar benci. Na zauna. Pad ɗin nan na buɗe cikinsa ya fi a ƙirga, na san kowace roba da ke ciki, ni na shafa wa maɓallin tsallen fensir da hannuna a wannan makon. Amma da na riƙe shi sai na ji kamar an ba ni sitiyarin tirela. In na tsallake, ƙofa ta buɗe, ƙaryata ta fito. In na faɗi, ƙaryata ta fito. Ban taɓa ganin rami mai baki biyu irin wannan ba.

Zan so in ce muku dabara na yi. Ba dabara. Na yi niyyar tsallakewa tsakani da Allah, na ce gara a kama ni a cikin gari da a kama ni a bakin hanya. Na danna gaba, bunsuru ya taho da ɗan gemunsa yana rawa. Yara suka haɗa baki: "Yanzu! Baba, yanzu!" Babban yatsana ya tsaya a sama kamar na mai jiran a ba shi izini. Bunsuru ya taka, ya taka, ya shiga ramin nan a natse, ko ɗaga ƙafa bai yi ba, kamar wanda aka aika. Sai da ya ɓace sannan na danna tsalle. Har sau biyu.

Ɗan kiɗan mutuwar nan ya tashi. Talabijin ta yi baƙi, ta dawo da daji, farkon farko.

Janareto kawai ake ji. Wata 'yar ƙarama cikin masu fifita ta fashe da kuka. Ni kuwa ina zaune da pad a cinya, ina neman ƙaryar da za ta rufe wannan, a karo na farko a rayuwata na nema na rasa.

Auwalu ne ya cece ni, Allah ya yi masa albarka. Ya buga cinya ya ce, "Kai! Kun ga wayon Baba? Da gangan ya yi! Ya san in mun gama ba za mu dawo ba!"

Nan fa shago ya kaure. "Baba ɗan wayo!" "Baba, Allah ya isa!" Bulus ya ce shi dama ya ga lokacin da na yi murmushi. Na karɓi zagin nan da hannu biyu, ban taɓa jin daɗin a kira ni macuci irin na ranar ba. Na ma ɗan kaɗa kai irin na wanda aka gano. Rifkatu kuwa ta dubi yatsana, ta dube ni, ta ɗauki tirenta ta fita.

Suka yi alkawarin Asabar mai zuwa ba mai ba ni ko wayar pad in riƙe. Asabar ɗin ba ta same mu ba. Hadarin nan ya sauko a tsakiyar mako da irin tsawar garin nan, na bar na'ura a jone da kaset a ciki na tafi cin tuwo. Na dawo na tarar da ƙauri, na'ura da kaset sun ƙone. Na hura, na goga sipirit, na yi duk abin da Oga Chidi ya koya mini. Na je har Jos neman wani kaset irinsa, amma ta yaya za ka nemi abin da ba ka san sunansa ba? Na tsaya a gaban masu kaya ina kwatanta bunsuru mai gajeren wando, har da yin tsallen. Suka tara mini jama'a. Hutu ya ƙare, Rifkatu ta koma ƙauye. Daga baya na sayi mai faifai kamar kowa, na ci gaba da lallaɓawa har waya ta zo ta kwashe mu gaba ɗaya, ni da yaron bakin titi. Yanzu cajin waya nake yi a shagon, wato ina ba wa wanda ya kashe ni abinci.

Bara, ina zaune ina gyangyaɗi, mashin ya tsaya. Wata mata ta sauko da ɗan yaro a hannu, ta rusuna ta gaishe ni. Sai da ta ce, "Baba Gem, ba ka gane mai ƙosai ba?" sannan na gane ta. Ta yi karatu a kwalejin malamai ta Gidan Waya, yanzu malamar firamare ce. Muka gaisa, na tambayi innarta, ta tambayi hawan jinina tana dariya.

Sai ta ce, "Baba, na samu Bunsuru a waya. Na kai ƙarshe."

Na fara gyara wayoyin caji da ba su buƙatar gyara.

"Na tsallake ramin, na shiga ƙofar. Rubutun Sin ne kawai yana hawa sama. Bunsuru ya ɗaga hannu, shi ke nan, ya koma daji. Ba gari, ba mashin. Ba mama da kunu."

Na buɗe baki zan ce ai na waya daban ne da na kaset, don hali ba ya tsufa. Yaron ya ja zaninta yana leƙen cikin shago. Ta ɗora hannu a kansa, ta rage murya yadda ba zai ji ba.

"Wannan ya tambaye ni abin da ke bayan ƙofar," in ji ta. "Na gaya masa naka."